Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Gida Bayan Yara Sun Tashi

Wani dattijo daga Araba, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, ya aiko da tambaya. Ya ce 'ya'yansa sun yi aure, wasu na Sakkwato, wasu na Birnin Ƙonni, gida ya rage daga shi sai Hajiya. Yaya zai gyara shi?

To Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ku fara da banɗaki, domin tsofaffi kan faɗi a nan. A kawo shi kusa da ɗakin kwana, a sa masai na zama da ƙarfen dafawa a bango, a guji tayil mai santsi. Dokin ƙofa mai tsawo a rage shi, saboda gwiwa da tuntuɓen dare.

Sai zafi. A watan Afrilu zafin yankinku kan haura digiri 40, kwano kuwa gasa ɗaki yake yi. A sa sili, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a haɗa sola ko da ta fanka da ƙwai biyu ce.

Kada ku rushe ɗakunan yara duka. Ku bar ɗaya domin jikoki ranar Sallah, da ɗiyar da za ta dawo wankan jego. Wanda ke kusa da zaure a iya fasa masa ƙofa ta waje ya zama shago.

Aikin siminti da yaɓe a gama shi kafin ruwan Yuni. Kuma ku zauna da Hajiya kafin a kira magini, ita ta san inda gidan ke wahalar da ita. Allah ya sa albarka.