Kafin ka ƙara batir a kan solar gidanka

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 janareto ya zama sai wane da wane, kiran da na fi samu na masu son ƙari ne: "Injiniya, batir biyun nan ba sa kai mu asuba, a ƙaro mana biyu." Ga kuɗi a hannu, amma amsata ba kullum take yi musu daɗi ba.

Batirin ruwa, wanda muke kira tubula, in ya shekara biyu yana aiki ƙarfinsa ya riga ya ragu. Ka jera shi da sabo don ka samu bolt 24 ko 48, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. Tsohon zai riga cika ya yi ta tafasa, sabon kuwa bai ƙoshi ba. Da dare kuma tsohon ne zai fara ƙarewa, inbata ta yi ƙara ta mutu. Kamar a ɗaura wa tsohon sa da bijimi garma ɗaya ne, tafiyar ta tsohon ce. Shawarata, a lallaɓa da tsofaffin har su gama, sannan a sauya su gaba ɗaya. Haɗa tubula da litiyom kuwa, kada ma a fara, cajinsu ba iri ɗaya ba ne. Shi litiyom yana karɓar ƙari, muddin kamfani ɗaya ne, samfuri ɗaya, kuma an daidaita cajinsu kafin a haɗa.

Sai batun fanel, wanda kowa ke mantawa. Batirin tubula huɗu masu bolt 12 da amfiya 200 suna riƙe yunit 9.6 na wuta, rabinsa kawai ya kamata a sha in ana son su daɗe. Wa zai mayar da wannan rabin kafin la'asar, ga firiza da fankoki suna ja da rana, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe fanel? Batirin da ba ya cika kullum, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantan dalmarsa, daga nan ba ya komawa daidai.

Duk wannan asarar kuɗi ce. Abin da ke hana ni barci shi ne waya. Inbata mai kilowat 5 a kan bolt 48 tana iya jan sama da amfiya 100. Wani gida da aka kira ni, ina buɗe murfi wari ya buge ni: robar wayar ta narke ta manne a jikin batir, kan batirin ya yi baƙi ƙirin, notin kuwa da yatsa na juya shi. Na kankare wayar da wuƙa sai ga fari, ashe alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Babu fis ko ɗaya. Maigidan ya ce, "Ai akwai bireka, Injiniya." Akwai, amma ta wutar NEPA ce. Ita wutar NEPA tana sauka sifili sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kansa. Ta batir miƙe take, in ta kama sai ta ci abin da ta samu. Dole a sa fis ko birekar da aka yi don wutar batir, kuma dab da batirin.

Wurin ajiya ma, ana raina shi. Tubula na fitar da iskar haidirojin lokacin caji, ba launi ba wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki tartsatsi kaɗan ya ishe ta. Don haka ba ɗakin kwana ba, ba rufaffen sito a ƙarƙashin bene ba. Zafi kuma na cin kwanansa: a digiri 25 ake auna shi, kowane ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwarsa, ga Afrilun Kano da Sakkwato na wuce 40. A samo masa inuwa mai iska, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da yara.

In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake zubawa, ba fiya wata ba, ba na rijiya ba. Mai zubawa ya cire zobe da agogo, in kuma zai ɗaure noti ya naɗe sifanarsa da salatif.