DARASI: GYARAN ƘWANƘOLIN DUTSEN NEBO

A sura ta 34 ta Littafin Maimaitawar Shari'a mun karanta yadda Musa ya hau Dutsen Nebo, Ubangiji ya nuna masa ƙasar alkawari daga nesa, amma bai sa ƙafa a cikinta ba. Dutsen nan yana ƙasar Jodan, kusa da garin Madaba.

Tun ƙarni na 4 Kirista suka gina majami'a a bisansa domin tunawa da Musa. Da zamani ya juya, wurin ya zama kufai. A shekarar 1932 'yan zuhudu na ƙungiyar Waliyi Faransis na Asisi suka sayi ƙwanƙolin dutsen, a 1933 suka fara tono. Ba su share kufan don su kafa sabon gini ba. Sun tone tsohon harsashi a hankali, daga baya suka yi masa rufi. A 1976 Fada Michele Piccirillo ya gano wani tsohon daɓe da aka ƙawata da ƙananan duwatsu masu launi, mai zanen mafarauta da dabbobi, aikin ƙarni na 6.

Paparoma Yohanna Bulus na II ya yi addu'a a wurin a watan Maris na 2000. Da rufin ya tsufa, aka rufe majami'ar shekara da shekaru domin babban gyara, ba a buɗe ta ba sai a watan Oktoba na 2016. Fada Piccirillo kuwa ya rasu tun 2008. Kamar Musa, ya hangi abin da ya yi wa wahala, bai shiga ba.

Darasinmu biyu ne. Na fari, mai gyaran gado ba ya binne aikin magabata, domin amana ce aka ba shi. Na biyu, aikin Allah ba ya ƙarewa a hannun mutum ɗaya. Idan ana tara kuɗin ginin majami'a ko makaranta, kada dattijo ya ce, mene ne ribata tun da ba zan ga ƙarshensa ba? Wani ke shuka, wani ke girbi.

Tambaya domin nazari: me muka gada a ikkilisiyarmu, me kuma za mu bar wa na baya?

Allah ya ba mu amincin bawansa Musa. Amin.