DARASI NA 18: KEWAYA AFIRKA A JIRGIN RUWA

Jama'a, yau za mu yi tafiya muna zaune. Kowa ya dubi taswirar da ke jikin allo. Wannan ita ce Afirka, nahiyar da muke ciki. Nahiya, watau babban yanki na duniya mai ƙasashe da yawa. Ƙasashen Afirka 54 ne. Duk duniya ba nahiyar da ta fi ta girma sai Asiya.

Ku lura, ruwa ya kewaye ta. A yamma ga Tekun Atlantika. A gabas ga Tekun Indiya da Bahar Maliya. A arewa ga Bahar Rum.

Akwai manyan jiragen ruwa waɗanda aikinsu ɗaukar masu yawon buɗe ido. Cikin jirgi akwai ɗakunan kwana da wurin cin abinci da ɗakin likita. Wani jirgin yakan ɗauki mutum dubu biyu ko fiye. Ya yi tafiya da dare, da safe ya tsaya a tasha. Mutane su sauka su ga gari, da yamma su koma.

Wani dattijo cikin aji ya ce mini, "Malam, mu da ko kogi sai da damina muke gani, ina ruwanmu da teku?" Na ce, "Baba, gaskiyarka. Amma 'ya'yanmu suna tafiya, kuma kuɗin gida ake kashewa. Wanda ya iya zaɓen hanya a teku ya iya zaɓenta a tudu." Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilmi, amma sai tafiyar da aka shirya.

GIRMAN TAFIYAR

Jirgi irin wannan yakan ci kamar kilomita 35 cikin sa'a guda. In ya yini ya kwana yana tafiya, ya ci kilomita 840 ke nan. Bai kai nisan Kano zuwa Ikko ba. Saboda haka mai son kewaye Afirka duka sai ya ba da wata biyu ko fiye, ga kuɗi mai yawa. Galibin mutane yanki guda suke zaɓa, su yi mako ɗaya ko biyu.

Za mu raba gaɓar Afirka kashi biyar.

1. AREWA

Nan jirgi ke bin Bahar Rum. Yakan tsaya a Iskandariya ta ƙasar Masar, da Tunis, da Tanja ta Maroko. A Tanja aka haifi Ibn Battuta, shahararren matafiyi, cikin 1304. Kusa da nan akwai mashigin Jibralta, inda tsakanin Afirka da Turai bai wuce kilomita 14 ba.

Daga Iskandariya akan shiga mota a tafi Alƙahira, tafiyar kamar sa'a uku. Can ake ganin dalar Fir'aunoni. Siffarta kamar dalar gyaɗa ta Kano ta dā, sai dai da duwatsu aka gina ta, ta kuwa haura shekara 4,000.

Wannan yanki na mai son tarihi ne da tsofaffin masallatai da kasuwanni. Garuruwan suna kusa da juna, ba a daɗewa kan ruwa. Lokacin da ya fi kyau shi ne Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta zafi ya yi yawa. Ruwan samansu kuwa lokacin sanyi yake zuwa, ba kamar namu ba.

2. KOGIN NIL DA BAHAR MALIYA

Wanda ke tsoron teku yana iya bin kogi. A Masar ƙananan jirage suna tafiya kan Nil tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu. Ba igiyar ruwa, ba jiri. Kana zaune kana ganin gonaki da dabino dama da hagu. Daga Oktoba zuwa Afrilu ake zuwa, lokacin da zafi ya sauka.

Bahar Maliya ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu sukan bi ta Barno da Cadi har Sudan, a ƙasa ko bisa jaki. Sa'an nan su shiga jirgi a Sawakin ko Fot Sudan su ƙetare zuwa Jidda. Wasu sun shekara da shekaru a hanya. Wasu suka zauna can, jikokinsu suna Sudan har yanzu.

A kan Bahar Maliya daga arewa akwai mashigin Suwez. Mutane ne suka haƙa shi, aka buɗe shi cikin 1869. Tsawonsa kilomita 193. Shi ya haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum. In ya toshe, tilas jirgi ya zagaya ta kudancin Afirka, ya ƙara kamar kwana goma. An rufe shi daga 1967 zuwa 1975 saboda yaƙi. Cikin 2021 wani ƙaton jirgin kaya ya gitta ciki, ya tare hanya kwana shida.

Cikin 2023 yaƙi ya tashi a Sudan. A ƙarshen wannan shekara kuma aka fara kai wa jirage hari daga Yaman, jirage da yawa suka sake hanya. Saboda haka mai nufin wannan yanki lalle ya nemi labarin hanya tukuna, kafin ya biya ko kwabo.

3. GABAS

Nan Tekun Indiya ne. Akwai Mombasa ta Kenya, da tsibirin Zanzibar inda ake noman kanumfari. Mutanen gaɓar nan Suwahili suke ji, Musulmi ne da yawansu. Tun zamanin dā jiragen Larabawa masu filafilai ke zuwa fatauci. Iska ce ke kawo su wajen Disamba, in ta juya wajen Afrilu ta mai da su gida.

Can cikin teku ga Madagaska, tsibiri na huɗu wajen girma a duniya. Akwai dabbobi da itatuwa a can waɗanda ba a samunsu ko'ina sai nan.

Abu biyu za a kiyaye. A Kenya da Zanzibar ruwan sama mai yawa yana sauka cikin Afrilu da Mayu. A wajen Madagaska kuwa guguwar teku takan taso tsakanin Nuwamba da Afrilu, ta fi ƙarfi Janairu zuwa Maris. In ta taso, matuƙi yakan sake hanya, ka rasa garin da ka ci burin gani.

4. KUDU

Ga abin mamaki. Akwai wani layi da masana suka zana a taswira, ya raba duniya biyu daidai, ana ce da shi Ikwaita. In ka ƙetare shi ka nausa kudu sosai, lokatai sukan juya. Sa'ad da muke rawar ɗari cikin Disamba, mutanen Afirka ta Kudu suna cikin zafi. Cikin Yuli kuwa su ke jin sanyi. Don haka jirage suka fi yawo a can daga Nuwamba zuwa Maris.

Manyan tashoshi su ne Darban da Kef Tawun. A bayan Kef Tawun akwai dutse mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, tsawonsa ya ɗara mita 1,000. A gabanta ga tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 cikin shekara 27 da ya yi a kurkuku. Daga tashoshin kudu akan kai mutane gandun daji su ga giwa da zaki da karkanda. A gaɓar Namibiya kuwa hamada ce ta zo har bakin teku.

Tekun ƙuryar kudu yana da haushi. Baturen da ya fara zagaya wurin a jirgi shi ne Bartolomeu Dias, mutumin Fotugal, cikin 1488. Mai saurin jiri ya yi tunani kafin ya zaɓi wannan hanya.

5. YAMMA

Wannan shi ne yankinmu. Akwai Dakar ta Sanagal, da Takoradi da Tema a Gana, da Lome, da Kwatano, da Ikko. Kusa da Dakar ga tsibirin Gore. A Gana ga ganuwar Elmina, wadda mutanen Fotugal suka gina cikin 1482. Wurare ne da aka tsare bayi kafin a ƙetare da su Amurka. Mutum ya gani ya yi ajiyar zuciya. A garuruwan Gana kuma in ka shiga zango sai ka ji ana Hausa, kamar kana gida.

A dā jirgin fasinja yakan tashi daga Ikko zuwa Ingila, tafiyar kamar mako biyu. An daina cikin 1974, jirgin sama ya karɓe aikin. Yanzu jiragen yawo ba su cika tsayawa a yankinmu ba. Galibi wucewa suke yi, wajen Oktoba da Nuwamba za su kudu, wajen Maris da Afrilu za su koma Turai. Saboda haka mutumin ƙasarmu yakan fara hawan jirgin sama zuwa inda jirgin ruwa zai tashi. A sa wannan cikin lissafi.

YADDA AKE ZAƁE

Kafin mutum ya ɗaura niyya, ya tambayi kansa abu biyar.

Na ɗaya, me nake so in gani? In tarihi ne, sai arewa ko Nil. In namun daji ne, sai kudu ko gabas. Ba a bin kurege biyu lokaci guda.

Na biyu, yaushe nake da sukuni? Manomi ba ya barin gona da damina. In sai an gama kaka zai tashi, to, kudu da Nil su ne daidai da shi.

Na uku, kwana nawa kan ruwa, kwana nawa a gari? Ana ba matafiyi takardar hanya. A ciki an rubuta kowace rana da sunan gari, da lokacin isa, da lokacin tashi. Tafiya biyu suna iya zama kwana goma goma, amma ɗaya ta tsaya gari bakwai, ɗaya gari uku kaɗai. Wani garin ma sa'a biyar kurum za a yi. Jirgi ba ya jiran kowa. Wanda ya makara a kasuwa sai ya bi shi da kuɗin aljihunsa.

Na huɗu, me kuɗina ya ƙunsa? Galibi ɗaki da abinci suna ciki. Amma kuɗin jirgin sama, da na biza, da na yawo cikin gari, da na likita, sau da yawa dabam ne. Ɗakin da ba taga ya fi araha. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi daga ƙasa shi ya fi rashin girgiza. A tambaya kuma ko akwai abincin halal. Araha ba ta ado, a karanta takarda har ƙarshe.

Na biyar, takarduna sun cika? Sai da fasfo, kuma ƙasashe da yawa suna so ya zama da sauran wata shida kafin ya ƙare. Kowace ƙasa da dokarta wajen biza, ko da yini guda za ka yi. Sai kuma katin allurar shawara. Ana yin allurar aƙalla kwana goma kafin tafiya. Tun 2016 aka yarda allura ɗaya ta isa har iyakar rai. A ga likita kuma don maganin zazzaɓin sauro. Rigakafi ya fi magani.

GARGAƊI

Akwai mayaudara masu yawo ƙauye ƙauye. Su ce da yaro za su ƙetare da shi Turai a jirgin ruwa. Uba ya sai da gona, uwa ta sai da akuya. A ƙarshe sai a cusa yara cikin kwalekwalen roba a gaɓar Libiya. Dubban 'ya'yan Afirka sun halaka a Bahar Rum ta wannan hanya.

Jirgin gaskiya yana da suna, da ranar tashi, da tikiti, da takardar hanya. Ba ya ɗaukar wanda ba shi da fasfo. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi amma ya hana ka takarda, ka guje shi. In ya ba ka takarda, ka karanta da kanka. Kada ka dangwala yatsa kan abin da ba ka san ma'anarsa ba. Amfanin zuwanku aji ke nan. Matambayi ba ya ɓata, mai karatu kuwa da wuya a cuce shi.

TAMBAYOYI

1. Faɗi sunayen ruwaye huɗu da suka kewaye Afirka.
2. A wace shekara aka buɗe mashigin Suwez? Mene ne amfaninsa?
3. Don me jirage suka fi yawo a kudancin Afirka daga Nuwamba zuwa Maris?
4. Ina alhazan dā suke shiga jirgi zuwa Jidda?
5. Waɗanne takardu matafiyi ke bukata?
6. Yaya ake gane mayaudari?

LISSAFI

1. Jirgi yana cin kilomita 35 a sa'a. Kilomita nawa zai ci cikin sa'a 10?
2. Tafiya ta kwana 14 ce, an tsaya a gari kwana 9. Kwana nawa aka yi kan ruwa?
3. An rufe Suwez daga 1967 zuwa 1975. Shekara nawa ke nan?

AIKI

Kowa ya zana taswirar Afirka cikin littafinsa, ya sa ɗigo inda garinmu yake. Sa'an nan ya rubuta takardar hanya ta zuwa kasuwar da ta fi nisa da ya taɓa ci: ranar tashi, da zango, da guzuri, da ranar komowa. A kawo ranar aji mai zuwa, in Allah ya kai mu.