Haska buhu ba ya wanke shi daga guba

Wata magana tana yawo tsakanin dillalan hatsi da masu fitar da kaya waje, kuma ta kai inda ya kamata a taka mata birki. Wai akwai wata 'yar na'ura mai kama da tocila da ake ɗorawa a kan gyaɗa, masara ko wake, a danna, nan take waya ta nuna ko kayan na da guba ko babu. Na'urar dai akwai ta, ana ce mata NIR, kuma tana da amfani ƙwarai. Abin da ake jingina mata ne ba shi da tushe, kuma yana iya jawo wa ɗan kasuwa asarar kwantena guda, ko ya kai gurɓataccen hatsi cikin tukunyar mutane.

Tana aiki ne da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke gab da jan launi, irin wanda William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Idan ya faɗa kan ƙwaya, ruwa da mai da furotin kowanne yakan sha nasa kaso, sai na'urar ta auna abin da ya dawo. Karl Norris na ma'aikatar gona ta Amurka ne ya mayar da wannan hanyar auna danshin hatsi a shekarun 1960, Kanada kuma ta ɗauke ta wajen auna furotin ɗin alkama a shekarun 1970. 'Yar na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don duba iskar oksijin ma 'yar'uwarta ce, kamfanonin magani kuma da NIR suke tantance kayan haɗi kafin su shiga injin. A hatsi, duk abin da take aunawa da kyau abu ne mai yawa, wanda ake lissafa shi da kashi cikin ɗari.

Gubar fumfuna, wato aflatoksin, ba a wannan ma'auni take ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa gubar da ke cikin gyaɗar ci kada ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya. A sauƙaƙe, giram 4 ne a cikin tan 1,000, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali a lodin tirela sama da talatin. Hasken da ke dawowa daga ƙwayar gyaɗa cike yake da alamun mai da furotin da ruwa, alamar wannan ɗan mitsitsin abu tana nutsewa a cikinsu. Daɗin daɗawa, gubar ba ta bazuwa daidai a buhu. Ƙwaya kaɗan ne ke ɗauke da ita da yawa, sauran lafiya lau, don haka wanda ya haska tafin hannu ɗaya daga bakin buhu bai san komai game da gindinsa ba, balle sauran buhunan sito. Kuma ba ƙaramar guba ba ce. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara, sannan cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana kawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Haka zancen yake ga fiya-fiya da ake zuba wa wake: ragowar wannan sinadari ce ta sa Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma NIR ba za ta gano ta a adadin da doka ke nema ba.

Masu sayar da na'urar za su ce ai akwai binciken masana da ya nuna tana ware ƙwayoyin da suka kamu. Haka ne. Sai dai mafi yawan abin da take kamawa ɓarnar da fumfuna ta yi wa ƙwayar ce, canjin mai da na sitaci, ba ita kanta gubar ba. Ƙwaya na iya yin fumfuna ba guba, wata kuma ta yi kyau a ido alhali da guba a ciki. Wannan ya isa a rage gurɓatattu a injin tacewa, amma bai isa a ba kaya takardar shaida ba. Wasu kuma za su ce ɗakin gwaje-gwaje ya yi nisa, ga tsada, gara wannan da babu. A nan ma ban yarda ba. Wanda ya san bai gwada ba yana taka-tsantsan, amma wanda waya ta nuna masa kore ya saki jiki ke nan.

Akwai wata matsala da ba a faɗa wa mai saye. Na'urar ba ta san komai da kanta ba, sai abin da aka koya mata da samfura masu yawa waɗanda aka riga aka auna a ɗakin gwaji. Wadda aka saita da masarar Amurka ba ta san geronmu ko riɗinmu ba, amma ba za ta yi shiru ba, za ta ba da lamba, har da ɗigo biyu. A nan ne hukumomi da ƙungiyoyin tallafi ke ban haushi: a sayo na'ura, a yi bikin rabawa, a ɗauki hoto, ba a ware ko sisi don saita ta da amfanin gonar yankin ba.

Wanda ya riga ya saya, ya sa ta aikin da ta iya, wato auna danshi, domin laima ce ke rayar da fumfuna. Masara ta sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari kafin a ɗinke buhu, ɓararriyar gyaɗa kuma wajen kashi 7. A shanya a kan tamfol ko daɓe, a tsince fasassu da masu baƙi, a ɗora buhuna a kan katako. A gona akwai Aflasafe na cibiyar IITA da ke Ibadan don rage gubar fumfuna, wake kuma buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba. Gwajin guba kuwa, a ɗebo daga buhuna da dama, sama da tsakiya da ƙasa, a niƙa tare, a gwada da tsinken gwajin aflatoksin, kayan fita waje kuma a kai ɗakin gwajin da aka amince da shi. Mai niyyar saye ya nemi dillali ya nuna masa a rubuce da wane hatsi aka saita ta, daga wace ƙasa, da kuma girman kuskurenta. Idan ya fara kame-kame, a bar masa kayarsa.