Yoga: Yadda Numfashi Ke Lallashin Zuciya

Yoga tsohuwar hanyar horar da jiki ce da ta samo asali daga Indiya. Akan koyar da ita bisa ginshiƙai uku: miƙe gaɓoɓi, sarrafa numfashi, da natsuwa.

Sirrinta yana cikin wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki. Idan aka saki numfashi sannu a hankali, jijiyar takan sassauta bugun zuciya. Saboda haka telan Ƙofar Kwaya da ya wuni duƙe kan keke, da ɗalibi mai fargabar jarrabawa, duk za su amfana. Amma mai hawan jini kada ya bar maganinsa.

Gwaji: a ƙirga bugun jini a wuyan hannu, a yi numfashin minti 5, a sake ƙirgawa.