Iskar Farkon Damina da Rufin Kwano a Ƙasar Gwiwa

A ƙasar Gwiwa, kamar yadda yake a Roni da Kazaure da Ɓaɓura, damina da iska take yin sallama. Tsakanin watan Mayu da Yuni hadari kan haɗu daga gabas, ya koro jar ƙura a gabansa, sau da yawa kafin ɗigon farko ya sauka an riga an yi ɓarna. Wannan iska ba ta kai mahaukaciyar guguwar teku ba, irin wadda ta afka wa ƙasar Filifin a shekarar 2013, ta hallaka fiye da mutum 6,000. Sai dai yadda suke lalata gida iri ɗaya ne.

Akasarin mutane kan ɗauka iska ture rufi take yi. A haƙiƙa ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta saman kwano a guje, dannawar da ake yi masa daga sama kan ragu. Idan kuma ƙofa ko taga ta ɓalle, iskar da ta kutsa ɗaki sai ta tokare shi daga ƙasa. Ƙusar da aka buga a katakon da gara ta ci ba ta jure wannan. Ga shi kuma idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta kan ninka sau huɗu ne.

A unguwa mai cunkoso ɓarnar ba ta tsayawa a gida ɗaya. Kwanon da ya kwaye kan tashi kamar wuƙa, ya tsinke wayar lantarki, ya sari mutum ko dabba, ya huda rufin maƙwabci. Wannan huda ita ce ƙofar da iska ke nema, nan da nan rufi na biyu ya bi na farko. Duwatsun da ake ɗorawa don danne kwano ma, abin takaici, su ne kan rikito kan mutanen gida.

Maginan da ba su sha wannan wahala sosai ba. Soron azara da ƙasa yana da nauyi, kuma rawanin da ke kewaye da shi kan hana iska samun bakin kamawa. Ruwa ne babban abokin gabansa. Shi ya sa magini mai lura yakan ɗaure katakon rufi da rodi a jikin gini, sannan ya ɗora rawani ya rufe bakin kwanon, musamman ta ɓangaren gabas.