Darasi: Baƙin Man da Ya Dace da Injin Jirginmu

'Yan'uwa cikin Almasihu, idan Kogin Binuwai ya cika da damina, jirgi mai inji ne ke kai marar lafiya asibiti, shi ne kuma ke kai amfanin gona kasuwa. In injin ya buga, kowa zai ji a jikinsa. Sau da yawa baƙin mai ne sanadi.

Injin gas yana tara baƙin hayaƙi a cikin mai fiye da injin fetur, saboda haka mansa daban ne. Ga abin da za mu duba:

1. Rubutun jikin galan. Bayan API mu nemi harafin C, kamar CF ko CI-4. Mai harafin S kaɗai na injin fetur ne.

2. Kauri. Injuna da yawa suna karɓar SAE 15W-40, amma mu bi abin da littafin injinmu ya faɗa.

3. Man 2T da ake garwayawa da fetur ba na injin gas ba ne.

4. Mu sayi galan mai hatimi. Na awo a kwalba yana iya zama gauraye. Araha ba ta ado.

Kowace safiya mu zaro sandar awo kafin mu ta da inji. In man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai mu kira bakanike. Ranar juye mu canja filta. Kada mu zuba tsohon mai a kogi, yana kashe kifi.

Tambaya don tattaunawa: Wane ne ikkilisiyarmu ta ɗora wa alhakin rubuta ranar juye?

Ubangiji ya ba mu aminci cikin riƙon abin da ya danƙa mana. Amin.